Ba a Sallame Ni Ba Tukuna

"Hermano Muenala... ya gida?"

Maganar na fita daga bakin Luzmila ta ji kamar ƙasar tashar Otavalo ta tsage ta shige.

Mai sarewa ya sauke sarewarsa. Mai jita ya dafe tsarkiya da tafin hannu. Sayri, saurayinta, yana tsaye a gabanta, hannuwa biyu a buɗe, cikin farin wando da shuɗin bargon kafaɗa na ranar biki, jelar gashinsa ta sha mai har tana ɗaukar ido. Ita kuwa hannu ɗaya ta miƙa masa, a sandare, kamar mai tarbar baƙo a ofis.

Ba da gangan ta yi ba. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana wa'azi a garuruwan bakin teku, inda 'yan mishan ke kiran kowane namiji Hermano, wato ɗan'uwa, kowace mace Hermana, a haɗa da sunan dangi. Harshenta ne ya riga hankalinta.

"Me kika kira ni?"

"Sayri, ka saurare ni... ba a sallame ni ba tukuna."

"Wa ya riƙe ki?"

"Ba haka nake nufi ba!"

"Na ce wa ya riƙe ki, Mila?"

Mahaifiyarsa, Mama Petrona, ta ture masu kiɗa ta matso, duwatsun wuyanta na rawa. Ta kai yatsa dab da baƙin bajon da ke maƙale a ƙirjin Luzmila, wanda aka rubuta HERMANA LEMA da sunan coci a ƙasa.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Ta tafi mutum, ta dawo buhun rini, har da suna a liƙe! Ka ɗauko masu busa, ka hana ni zuwa gona, don a gaishe ka kamar mai karɓar haraji?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a bayan mayafi. Luzmila ba ta buƙaci juyawa ba. Dariyar Zoila ce, 'yar mai sayar da rini, wadda tun suna yara take son duk abin da Luzmila ta taɓa.

Sayri ya sauke hannuwansa a hankali. Ya dubi hannun da aka miƙa masa, bai karɓa ba. Ya juya ya fita daga tashar, masu kiɗa na biye da shi kamar an dawo daga jana'iza.

"Hermana Lema, ɗauki jakarki mu tafi," in ji Tiya Asencia, yayar mahaifiyarta, wadda ta rene ta tun uwar ta rasu.

Dokar ba ɓoyayyiya ba ce. 'Yar mishan ko ta dawo gida tana nan a 'yar mishan, har sai shugaban cocin yankinsu ya zaunar da ita ya ce aikinta ya ƙare, a cire bajon. Kafin nan ba rungumar namiji, ba keɓewa, ba zancen soyayya, kuma ba ta taka ko'ina sai da abokiyar tafiya mace. Shugaba Remache ya kamata ya tarbe ta a tashar ya gama komai nan take. To amma a cocinsu shugaba ma sai ya nemi abincinsa, shi kuwa direban bas ne, kuma dutse ya zaftare a hanyar Intag ya rufe shi a can ƙetare da shi da fasinjojinsa.

"Allah ne ya ture dutsen nan," in ji Tiya Asencia a hanya, fuskarta fes.

"Tiya!"

"Ƙarya na yi? Yaron da ba ɗan coci ba, uwarsa kuma tulun giyar masara. Ki gode."

Luzmila ba ta gode ba.

Tiya Asencia ta ɗauki aikin abokiyar tafiya kamar an naɗa ta sarauta. In Luzmila ta je ɗibar ruwa, tana baya. In ta je yanko wa ɓerayen Masar ciyawa, tana baya. Ko bayan gida ta shiga, tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa tana rera waƙar coci da muryarta mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"Tiya, ki kai masa saƙo kawai. Ki ce doka ce."

"In bar ki ke kaɗai? Ai sai in karya dokar."

"To mu je tare!"

"Gidan saurayi? 'Yar mishan? Kunya ba ta zo da ke daga teku ba?"

Kullum Luzmila na riga zakara tashi, kamar yadda ta saba. Ta karanta littafin coci, ta durƙusa a kan tabarma. Sai dai addu'arta ta koma faɗa.

"Uba na Sama, ni ce. Takalmi nawa na kashe maka? Karnuka nawa suka bi ni? Na ci shinkafa da kifi har na fara warin jirgin ruwa. Na kwana ɗaki ɗaya da Hermana mai minshari kamar injin niƙa, ban taɓa ƙorafi ba... to, na yi, amma kaɗan. Abu ɗaya na roƙe ka ka ajiye mini. Ɗaya tak! Shi ne za ka jefo dutse?"

Ba amsa. Ta taga sai Taita Imbabura, babban dutsen garinsu, ya kifa hular gajimare ya rufe fuska, kamar dattijon da ba ya son a sa shi shaida.

Ranar kasuwa suka kai wake. Tun daga bakin kasuwar Luzmila ta ga abin da ya tsayar mata da numfashi. Zoila na yawo tsakanin rumfuna da kafaɗa a buɗe, ba mayafi, ga sanyi na ratsa ƙashi.

"Zoila, ina mayafinki?" mata ke tambaya.

"Wayyo, ku tambayi Sayri," take cewa, tana sunkuyar da kai irin na ƙarya.

Ko yaro ya san ma'anar wannan. Saurayi in yana son yarinya, mayafinta yake fizgewa. In ba ta bi shi ta ƙwato ba, iyayensa sai su cika kwanduna da abinci su nufi gidansu. Da zarar babba a gidan yarinyar ya kai loma ɗaya baki, magana ta ƙulle, ba mai kwance ta.

Zoila ta tako har gabanta.

"Sannu da wa'azi, Hermana. Jibi Mama Petrona za ta kawo kwanduna gidanmu. Ki sa mu a addu'a, tunda ke ce kusa da Allah."

Luzmila ta dire buhun wake a ƙafar Zoila, ba a gefe ba, a kan ƙafar. Ta bar ta tana tsalle tana ihu, ta ratsa kasuwa, Tiya Asencia na haki a bayanta.

Sayri na rumfarsa yana ninke barguna. Jan mayafi na rataye a jikin sandar rumfar, iska na kaɗa shi.

"Herma..." Ta ciji harshenta. "Sayri."

"A'a, kin tuna."

"Mayafin wa ne wannan?"

"Ke bajon wa ne wannan?"

"Da hannunka ka fizgo shi?"

Ya ci gaba da ninke bargon da ya riga ya ninke.

"Dube ni in ina maka magana! Doka ce. Sai Shugaba Remache ya sallame ni. Dutse ne ya tare shi, ba ni ba."

"Kullum da abin da ya tare ki. Kin ce in jira, na jira. Na bar giya saboda ke, abokaina suna ce mini Hermanita, wai 'yar ƙaramar 'yar mishan. Bikin rana na shekara-shekara ya zo, kowa ya yi rawa har takalmi ya tsinke, ni ina zaune gaban masaƙa kamar gwauron da matarsa ta mutu. Uwata ta zage ni safe da yamma. Sai ki zo gaban duniya ki miƙo mini hannu?"

"Kuskure ne!"

"To gyara shi. Ki ce kina sona. Nan, gaban Tiya, gaban kasuwa. Kalma ɗaya, Mila, in jefa mayafin nan a kwata."

Masu rumfunan kusa suka daina ciniki. Luzmila ta buɗe baki. Kalmar na nan, ta cika mata ƙirji har tana zafi. Amma ranar da aka maƙala mata bajon ta ɗaga kai ta yi alkawari, ba ga Shugaba ba, ba ga Tiya ba.

"Ka jira a sallame ni..."

"Ki cire shi mana! Fil ne kawai ke riƙe da shi!"

"Ba fil ke riƙe da shi ba."

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"To ki gaida wanda ke riƙe da shi. Jibi ina da biki."

"Kai wawa ne, Sayri Muenala!"

"Hermana Lema!" Tiya ta dafe ƙirji.

"Zagi ba ya cikin abin da aka hana ni yi masa, Tiya! Na duba!"

Ranar kwandunan ta zo. Tun safe hayaƙi ke tashi daga unguwar su Sayri, ƙanshin gashi na zuwa har tsakar gidansu Luzmila kamar an aiko shi tsokana. Ta gama addu'arta a gajarce, ta ɗaura zani, ta sa takalman wa'azinta masu huda a ƙasa, ta nufi ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Intag."

"Kin haukace? Ban yarda ba!"

"Tiya, doka ta ce kada in taka ko'ina ba ke. Ba ta ce ke za ki zaɓi hanya ba. Ni na tafi. In kin zauna, ke kika bar 'yar mishan ita kaɗai, ke da Allah."

Ta fita. Ba ta kai gindin itacen ƙofar gida ba ta ji ƙarar silifa a bayanta, da tsohuwa na kiran sunayen kakanninsu ɗaya bayan ɗaya tana kai musu ƙara.

Motar madara ce ta ɗauke su, suka zauna a kan garewani masu sanyi. Hanya ta yi ta hawa tana murɗewa, har gajimare ya koma ƙasa da su. Inda mai madara ya tsaya, suka ci gaba da ƙafa cikin laka. Tiya ta rasa silifa ɗaya, laka ta haɗiye, ta ƙi bari a tono.

"Bar shi nan. Ya zama shaida a kanki ranar ƙiyama."

Can sai ga ƙugin inji. Wata bas ta ɓullo daga kwana, laka ta rufe ta har ba a gane launinta, tana bin 'yar hanyar da masu shebur suka buɗe da safen nan. Luzmila ta shiga tsakiyar titi ta ware hannuwa.

Birki ya yi kuka. Kaji suka yi kuka. Wani alade ya amsa daga kujerar baya.

Shugaba Remache ya sauko, gajeren dattijo mai farar jela, laka har gwiwa. Ya miƙa hannu.

"Hermana Lema! Sannu da dawowa. Ya teku?"

"Ka sallame ni. Yanzu!"

"A nan?"

"A nan! Ana can ana kai kwandunan mijina gidan wata!"

Kawuna suka fito ta kowace taga. Mutanen da suka kwana suka tashi a cikin bas suna cin mazarƙwailar da suka ɗauko sayarwa, yau ga labari ya zo musu har gida.

Shugaba ya dubi rigarsa, ya girgiza kai.

"Aikin Allah ba na yin sa da wuya tsirara. Ku dakata."

Ya koma ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujerarsa, inda yake ajiye ƙyallen wuyansa na zuwa coci. Murfin ya faɗi tun ranar zaftarewar, wata kazar fasinja ta samu wuri ta yi ƙwai a kan ƙyallen. Ya ɗauki ƙwan da ladabi, ya tambayi mai kaza, ya miƙa mata abinta, sannan ya tsaya gaban madubin bas yana ɗauri. Luzmila ta ji kamar ta shaƙe shi da shi.

Ya zaunar da ita a kan wani dutse a bakin hanya, shi ya zauna a kan wani. Tiya ta tsaya gefe da ƙafa ɗaya a laka.

"Kin yi aikin da zuciya ɗaya?"

"Na yi! Shugaba, rana na tafiya!"

"Rana ta saba tafiya. Gaya mini rana ɗaya da kika tabbata ba ke kaɗai kike ba."

Ta dubi takalmanta.

"Akwai wata mata... Doña Eufemia. Gidanta a kan sanduna yake, ruwa na wucewa ta ƙasa. Teku ta cinye mijinta. Duk zuwan da muka yi sai ta rufe mana ƙofa, har ruwan wankin kifi ta taɓa watsa mana. Wata rana mun wuce gidan, mun yi nisa, sai na ji wani abu a nan." Ta dafa ƙirji. "Ba murya ba ce. Zafi ne, kamar an ɗora mini dutsen murhu. Ƙafata ta ƙi gaba. Abokiyar tafiyata na ta mita, yunwa take ji, na ce mu koma."

"Kuka koma."

"Ƙofar a buɗe take. Tana zaune a ƙasa. Abincin da maƙwabta suka kawo yana jere ya yi tsami, ba ta taɓa ba. Gashinta ya dunƙule kamar ragar kamun kifi. Na ɗauko littafi zan buɗe, hannuna ya ƙi. Sai na ciro matajina, na zauna a bayanta na fara taje mata kai. Ban ce komai ba. Na yi ta tajewa har ta fara kuka, ta yi kukan har ya ƙare."

"Ta shiga coci?"

"Ba ta shiga ba. Amma ta ci abinci."

Ko aladen bai motsa ba.

Luzmila ta ɗago, idonta jajur.

"Shi ya sa nake jin haushin Uba na Sama! Ya san gidan matar da ban sani ba, ya juya ni a tsakiyar titi saboda ita. Amma dutse ɗaya ya kasa riƙe mini!"

"Kin gaya masa?"

"Kullum!"

"Madalla. Ni ma na gaya masa nawa, ina kwance a kan sitiyari alade na numfashi a ƙeyata. Bai ba ni amsa ba tukuna." Ya miƙe, ya gyara ƙyallen wuyansa, muryarsa ta canza. "Hermana Lema, aikin da aka kira ki ki yi ya kammala, kuma an karɓa da godiya. Na sallame ki. Asencia, zo ki cire mata."

Tiya ba ta motsa ba.

"In na cire, wajensa za ta."

"Wajensa za ta."

"Remache, kai ka taya ni ɗauko mijina daga kwata, da kwalba a hannunsa. Ka manta? Ban reni yarinyar nan don in ga ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran irin wannan dawowa ba."

Luzmila ta tashi ta kama hannun tsohuwar. Sanyi ƙalau.

"Tiya... Sayri ya bar giya ba wanda ya sa shi, ba bajo, ba coci, ni ma ba na gari. Wawa ne, amma ba irin wannan wawan ba."

Tiya Asencia ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kai hannu ta zare fil ɗin. Ƙananan huji biyu suka rage a jikin farar rigar.

Luzmila ta ɗauka tsalle za ta yi. Sai ga ta tana kuka, kuka sosai, hannunta na lalubar wurin da bajon yake. Duk masifar da ta yi, ba ta san tana son aikin haka ba.

"Direba!" wata tsohuwa ta ƙwala daga taga. "A bar kukan nan sai a mota! Kwanduna na tafiya!"

Ba a taɓa ganin Shugaba Remache ya yi gudu irin na ranar ba. Ba wanda ya nemi a sauke shi. Har mai aladen, da aka wuce ƙauyensu, ya ce a bari sai an dawo.

Rana ta karkata lokacin da suka gangaro bakin tafki. Ga jerin mutane can a kan hanyar gidan mai rini: masu sarewa a gaba, mata ɗauke da kwandunan dankali da gasassun ɓerayen Masar da burodi da ayaba, maza da tulunan giyar masara. Na gaba ya kusa ƙofa. Mahaifin Zoila na tsaye a bakinta, har ya wanke hannu.

Shugaba ya kwanta a kan ham. Jerin ya watse gefe.

Luzmila ta dire. Ta yi taku kaɗan ta tsaya cak, ta waiwaya tana neman abokiyar tafiya. Ba kowa a bayanta. Tiya na tsaye a matakalar bas, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Me kike jira, ni? Aikina ya ƙare. Tafi!"

Ta ruga.

"SAYRI!"

Yana tsakiyar jerin, jan mayafin a hannunsa, fuskarsa kamar wanda za a kai yanka. Ya ga rigarta. Ya ga babu bajo.

"Mila..."

"Kar ka Mila ni! Kai mara haƙuri! Ka jira shekara da rabi, ka kasa jiran a kwashe laka? Kalma kake so? Ga ta! Ina sonka! Ina sonka, ɗan rainin hankali! A teku ina sonka, a tasha ina sonka, a kasuwa da kake ninke bargo ɗaya sau goma kamar sakarai ina sonka! Kowa ya ji? Mai sarewa, ka ji?"

"Na ji," in ji mai sarewa.

Ta kai masa duka a ƙirji da hannu biyu. Ya riƙe hannuwan. Ta fizge, ya sake riƙewa, daga nan ba a san wanda ya fara jawo wani ba. Hularsa ta faɗi ta gangara ba wanda ya bi ta.

"Zuciyata... na ɗauka wani ya ɗauke ki a can."

"Wa zai ɗauke ni? Ina warin kifi!"

Zoila ta fito daga gida da rigar kwalliya, duwatsu har haɓa. Sayri ya saki Luzmila, ya je ya miƙa mata mayafin da hannu biyu.

"Ban fizga ba, Zoila, ke ma kin sani. Ke kika rataye shi a rumfata. Amma na gani na yi shiru don in ƙona wata, na bari abin ya kawo ƙofar gidanku. Wannan laifina ne. Ki yafe."

Zoila ta karɓa. Ta naɗe mayafin ta shauɗa masa a fuska, har sai da matan baya suka ce wash.

"Ku je ku ƙarasa juna," ta ce, ta shige ta banko ƙofa. Mahaifinta ya dubi jiƙaƙƙen hannunsa, ya dubi gasasshen naman, ya goge hannun a wando ya bi ta.

Mama Petrona ta dire kwandonta. Ta tsiyayi giyar masara a ƙoƙo ta miƙo wa Luzmila har hanci.

"Tunda an sallame ki, sha. In ga ko za ki iya zama a gidana."

"Ba zan sha ba, Mama."

"Kun ji ko!"

"Yau ba zan sha ba, ranar biki ma ba zan sha ba. Zan surfa miki masara, zan hura wuta, zan yi rawa har ki gaji da kallo. Wannan kam a'a. Gara ki sani tun a titi."

"Sayri, ka ji bakinta? Haka za ka zauna da ita?"

"Haka, Mama. Na roƙe ta ta cire fil ɗaya ta ƙi, duk da tana sona. In ta yi mini alkawari, wa zai cire shi?"

Mama Petrona ta dubi ƙoƙon, ta dubi ƙofar da aka rufe, ta dubi bas cike da baƙi suna leƙe. Ta ɗaga ƙoƙon ta shanye da kanta.

"Tun asuba nake gashi. Naman nan ba zai koma gidana ba, a ce Petrona ta yi yawo da kwando ta rasa mai ci. Ina babbar gidanku?"

Duk ido ya koma kan Tiya Asencia. Tsohuwar ta juya ta shige bas.

"Ku hau," in ji Shugaba Remache. "Kowa da kwandonsa. Giyar a baya, kusa da alade."

Aka cusa. Masu sarewa suka zauna a kan buhunan mazarƙwaila. Babban kwandon ya samu wuri a tsakanin kujerar Mama Petrona da ta Tiya Asencia, matan biyu kowace ta juya fuska ga tagarta. Luzmila na riƙe da jelar gashin Sayri kamar linzami, tana lissafa masa laifuffukansa tun daga tasha, amma idonta na kan Tiya. In tsohuwar ta ƙi ci, duk gudun nan na banza ne.

Bas ta wuce tafki. Ta wuce masaƙa. Ta fara hawan unguwarsu.

Tiya Asencia ba ta dubi kowa ba. Hannunta ya sauka cikin kwandon, ya lalubo dankali ɗaya, ya ɓare. Ta kai baki. Ta tauna a hankali, bas gaba ɗaya na kallon muƙamuƙinta, har ta haɗiye.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce wa taga.

"Gishirin wa?" Mama Petrona ta zaburo. "Ke da ko takalmi biyu ba ki da shi za ki koya mini girki?"

Mai sarewa ya yi maza ya busa don a rufe, amma ina. Muryoyin surukan biyu sun fi ƙarfin sarewa, kuma har aka ɗaura auren, har aka yi sunan 'yar fari, ba su gama maganar gishirin nan ba.